Bitamin D da kalmar "antioksidan": Abin da kwalba ke faɗa, da abin da bincike ya gano

Da wuya a samu ma'aikacin gwamnati a Abuja da bai taɓa cin karo da irin wannan saƙo a zauren WhatsApp na ofishinsu ba: hoton wata kwalba mai ruwan ɗorawa, a ƙarƙashinta an rubuta cewa bitamin D "antioksidan ne mai ƙarfi", yana wanke guba daga jiki, yana jinkirta tsufa, yana kare zuciya, yana kuma toshe ƙofar ciwon daji. Sau da yawa mai turo saƙon abokiyar aiki ce da ke ɗan taɓa kasuwanci a gefe, tunda albashi ba ya ganin ƙarshen wata. Wani lokaci kuma maigida ne zai dawo daga tafiya da kwalabe cike da jaka, ya miƙa wa hadiminsa guda, ya ce a riƙa sha kowace safiya.

Tun annobar korona ta 2020 kasuwar wannan bitamin ta buɗe, ba ta kuma rufe ba. A kantunan magani na Wuse da Garki za ka tarar da kwalabe masu ɗauke da IU 1,000, da IU 5,000, har da masu IU 50,000 a kafso ɗaya. Ba su da araha. Mai saye kuwa yana ciro kuɗin ne daga aljihun da ake biyan haya, kuɗin makaranta da kuɗin mota. Don haka ya cancanci a tsaya a yi tambaya: da gaske ne bitamin D yana aikin antioksidan a jikin ɗan Adam?

Amsar a taƙaice ita ce, har yanzu ba a tabbatar da hakan ba ta hanyar da za ta sa mai lafiya ya kashe kuɗinsa. Sai dai maganar ba ƙirƙirar ta aka yi daga iska ba. Tana da tushe, kuma sanin tushen ne zai nuna inda aka yi mata ƙarin gishiri.

Tsatsa a cikin jiki

Aikina tace rubutu ne, kuma na lura babu kalmar da masu talla ke so irin wadda mai karatu ke jin kwarjininta alhali bai san ma'anarta ba. Antioksidan na cikin wannan sahu. Ma'anarta kuwa ba ta da wuya. Idan aka gutsuri goro aka ajiye, wurin da aka gutsura yakan yi duhu. Haka doyar da aka fere aka bari a iska. Ƙarfe yakan yi tsatsa, man gyaɗa da ya daɗe yakan canza wari. Duk aikin iskar oksijin ne, wadda ke cin abin da ta taɓa sannu a hankali.

Irin wannan na faruwa a cikin jiki. Kowace ƙwayar jiki, wadda masana ke kira sel, tana da ƙananan murahu da ke ƙona abinci da oksijin don samar da kuzari. Murhu kuwa ba ya rasa tartsatsi. Wannan tartsatsin shi ne abin da ake kira firi-radikal: ɓaraguzan sinadari marasa natsuwa da ke fizgar wani abu daga duk abin da suka ci karo da shi, ko kitsen bangon sel ne, ko furotin, ko ƙwayoyin gado. Antioksidan shi ne duk abin da ke tare tartsatsin kafin ya yi ɓarna. Bitamin C da bitamin E su ne fitattu. Sukan miƙa wa tartsatsin abin da yake nema daga jikinsu, ya lafa, su kuma su ƙare ko a sake sabunta su. Shi ya sa in aka matsa lemun tsami a kan yankakken tuffa ko ayaba ba sa saurin yin duhu.

A 1956 wani masani ɗan Amurka, Denham Harman, ya kawo ra'ayin cewa taruwar irin wannan ɓarna ce ke haifar da tsufa. Ra'ayin ya yi farin jini matuƙa, domin hankali na saurin karɓarsa: in tsatsa ce matsalar, to a sha maganin tsatsa. A kan wannan tunani aka gina kasuwar biliyoyin daloli.

Ga kuma inda aka fara tuntuɓe. A 1994 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a ƙasar Finland, inda aka bi maza 29,133 masu shan taba. Waɗanda aka bai wa bita-karotin, sinadarin da ke cikin karas da manja wanda aka ɗauka garkuwa ne, sun fi kamuwa da ciwon dajin huhu da kashi 18 cikin 100. Bayan shekara biyu aka dakatar da makamancin gwajin a Amurka kafin lokacinsa, saboda ƙarin ya kai kashi 28. A 2011 wani gwaji kan maza sama da 35,000 ya nuna bitamin E ya ƙara haɗarin ciwon dajin furostet da kashi 17. A 2012 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta sauke daga shafinta jadawalin da ke jera abinci bisa ƙarfinsu na antioksidan, tana mai cewa masu talla na amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba, kuma abin da aka auna a kwalbar gwaji ba ya nuna abin da ke faruwa a jikin mutum.

Ashe tartsatsin ma yana da amfaninsa. Fararen ƙwayoyin jini da shi suke ƙona ƙwayoyin cuta. Maganin zazzaɓin cizon sauro na atemisinin, wanda kusan kowane gida a ƙasar nan ya sani, yana kashe ƙwayar cutar ne ta hanyar tayar da irin wannan tartsatsi a cikinta. Saboda haka ko da an tabbatar wani abu antioksidan ne, ba a gama magana ba. Wannan shi ne abu na farko da saƙon WhatsApp ba ya faɗa.

Bitamin da ba bitamin ba

Shi kansa sunan bitamin D kuskuren tarihi ne. A farkon ƙarni na 20 ciwon lanƙwasar ƙashi ya addabi yaran biranen Turai masu hayaƙin masana'antu, inda rana ba ta isa lunguna. A 1919 Edward Mellanby ya nuna man hantar kifi na warkar da ciwon a jikin karnuka. A 1922 Elmer McCollum ya gano cewa abin da ke warkarwar dabam yake da bitamin A, ya raɗa masa harafin D saboda shi ne na huɗu a jeri. Daga baya aka fahimci fata na iya ƙera shi da kanta idan wani ɓangare na hasken rana, wanda ake kira UVB, ya sauka a kanta. Bitamin a ma'anarsa ta asali abu ne da dole sai daga abinci ake samunsa. Wannan kuwa jiki ke yin abinsa.

Abin da fata ta ƙera, ko wanda aka haɗiya a kafso, ba ya aiki kai tsaye. Sai ya bi ta hanta ta sauya masa kama, ya zama nau'in da ake aunawa a gwajin jini. Daga nan ƙoda ta sake sauya shi ya zama kalsitiriyol, wanda shi ne mai aikin. Kalsitiriyol homon ne, wato ɗan saƙo, dangin su kotisol da testosteron. Yana shiga cikin sel, ya zauna a kan wata kujera da aka tanadar masa, daga nan ya ba da umarnin a kunna wasu ƙwayoyin gado, a kashe wasu. Babban aikinsa da babu jayayya a kai shi ne sa hanji ya tsotsi kalsiyam da fosfet daga abinci, domin ƙashi ya yi ƙwari.

Ma'aikacin gwamnati zai fi kowa gane bambancin. Bitamin C da E kamar jami'an kashe gobara suke, su ke shiga wutar da kansu, don haka ana buƙatar su da yawa. Bitamin D kuwa kamar takardar umarni ce da ta fito daga ofishin babban sakatare: ba ta ɗaukar guga ko tulun kashe wuta, amma tana iya cewa a ƙara ɗaukar ma'aikata, a sayo kayan aiki. Ko za a aiwatar da umarnin, da kuma yadda za a aiwatar, wani zance ne dabam, kamar yadda duk wanda ya taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur ya sani.

Lissafi ma ya goyi bayan wannan kwatance. A jinin mai lafiya, bitamin C ya ninka nau'in bitamin D da ake aunawa kusan sau dubu. Shi kuma kalsitiriyol ya fi wannan ƙanƙanta sau ɗaruruwa. Bugu da ƙari, fiye da kashi 99 cikin 100 na bitamin D da ke yawo a jini a ɗaure yake jikin furotin da ke dakonsa. Abin da yake ɗan mitsitsi haka, kuma a ɗaure, ba zai iya tare tartsatsi da jikinsa ta yadda za a ji a jika ba. In har yana da tasiri, ta hanyar umarni ne.

To daga ina maganar ta fito?

A 1993 wata mai bincike a Landan, Helen Wiseman, ta wallafa sakamakon gwajin da ta yi a kan ƙananan ƙullutun kitse da aka haɗa a ɗakin gwaji don su yi kama da bangon sel. Ta ga bitamin D ya rage lalacewar kitsen idan aka tayar masa da tsatsa ta hanyar zuba sinadarin ƙarfe. Takardar ta kira shi antioksidan na bangon sel, kuma har yau ita ake yawan kafa hujja da ita. Bayan haka wasu binciken suka biyo. A 1999 masana a Faransa suka nuna kalsitiriyol na ƙara yawan gulutatayon a ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera da aka rena a faranti. Gulutatayon, wanda wasu a nan suka fi sani a matsayin allurar sa hasken fata, a gaskiya shi ne babban makamin da sel ke ƙerawa da kansa don kashe tartsatsi. A 2008 aka ga kalsitiriyol na kunna wani sinadarin kariya mai suna G6PD a ƙwayoyin furostet na mutum, su ma a faranti.

Waɗannan bincike ne na gaske, ba wanda ke musun su. Amma akwai na ɗaya gefen, waɗanda ba sa shiga talla. A 2001 wata tawaga a Isra'ila ta ba da rahoton cewa a ƙwayoyin ciwon dajin nono, kalsitiriyol ƙara tartsatsin yake yi. A shekarar dai wasu masana suka nuna cewa yana taimaka wa fararen ƙwayoyin jini yaƙar ƙwayar cutar tarin tibi ta hanyar sa su fitar da ƙarin tartsatsi. Wato takardar umarnin guda ce, amma a wata ma'aikata a kashe wuta take cewa, a wata kuma a hura. Wannan halin homon ne, kuma kalmar antioksidan ta yi masa kaɗan.

Faranti kuma ba mutum ba ne. Ƙwayar da ke faranti ba ta da hanta ko ƙoda, ba ta cin tuwo, ba ta kwana cikin cunkoson Nyanya, kuma sau da yawa adadin da ake zuba mata ya zarce abin da jini ke ɗauke da shi nesa ba kusa ba.

Da aka zo kan mutane

An yi ƙananan gwaje-gwaje da dama a kan mutane: a bai wa rukuni ɗaya bitamin D, ɗaya rukunin a ba shi kafson wofi, bayan wata biyu ko uku a auna alamomin tsatsa a jini. A 2019 wasu masana suka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje suka haɗa alƙalumansu, suka ce a dunƙule an ga gulutatayon ya ɗan ƙaru, wata alamar lalacewar kitse mai suna MDA kuma ta ɗan ragu. A cikin shekarar dai wata tawaga daga Italiya ta yi nata nazarin, ta ce sakamakon ya saɓa wa juna ta yadda ba za a iya tabbatar da matsayin bitamin D na antioksidan ba.

Dalilan saɓanin ba ɓoyayyu ba ne. Yawancin gwaje-gwajen mutane 'yan gomomi suka ƙunsa, na ɗan gajeren lokaci, kuma marasa lafiya ne, masu ciwon suga ko ciwon ƙoda ko mata masu matsalar mahaifa, da yawansu dama suna da ƙarancin bitamin ɗin. Hanyar da aka fi bi wajen auna MDA tsohuwa ce da masana suka daɗe suna kuka da ita, domin takan kama wasu abubuwan da ba shi ba. Sannan kaso mai tsoka na waɗannan gwaje-gwaje daga ƙasar Iran suka fito, kuma mujallun kimiyya sun janye wasu takardun wata tawaga ta can bayan an tayar da tambayoyi kan sahihancin alƙalumanta. Idan ruɓaɓɓen tumatir ya shiga kwando, duk kwandon ake zargi.

Amma a ce ma duk alƙaluman daidai ne. Babu wanda ke sayen kafso don wata lamba ta motsa a takardar gwaji. Abin da mai saye ke so shi ne kada zuciyarsa ta buga, kada ɓarin jikinsa ya shanye, kada daji ya kama shi. Wannan tambaya kuwa an yi ta, an kuma kashe maƙudan kuɗi wajen amsa ta.

Mafi shahara shi ne gwajin VITAL na Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa JoAnn Manson ta Jami'ar Harvard. Mutum 25,871 aka ɗauka, maza daga shekara 50, mata daga 55, cikinsu har da baƙaƙen fata sama da 5,000. Rabi suka riƙa shan IU 2,000 kullum, rabi kafson wofi, tsawon shekara biyar da 'yan watanni. Da sakamako ya fito a ƙarshen 2018, bitamin D bai rage kamuwa da ciwon daji ba, bai kuma rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba. A 2022 aka ƙara da cewa ko karayar ƙashi bai rage musu ba. A ƙasar New Zealand an gwada mutum sama da 5,000, ba a ga kariya ga zuciya ba. A Ostireliya an bi tsofaffi 21,315 suna shan IU 60,000 duk wata, yawan mace-mace bai ragu ba. A kan korona, wadda ita ta tallata shi a nan, wani gwaji a Birtaniya mai mutum 6,200 bai ga ya hana kamuwa ba, wani kuma a Brazil bai ga ya rage kwanakin jinya a asibiti ba.

Adalci ya sa a faɗi sauran. A cikin VITAL ɗin an ga raguwar kashi 22 cikin 100 na cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, irin su wani nau'in amosanin gaɓɓai. A kan masu dab da kamuwa da ciwon suga, gwajin D2d na 2019 bai kai ga tabbaci ba shi kaɗai, amma da aka haɗa shi da wasu biyu a 2023 an ga raguwar haɗarin da kusan kashi 15. Waɗannan abubuwa ne da ake ci gaba da bibiya, sai dai babu wanda ya nuna cewa ta hanyar kashe tartsatsi suka samu. Haka kuma yawancin mutanen da aka yi manyan gwaje-gwajen a kansu ba su da ƙarancin bitamin D tun farko. Abin da aka tabbatar, ke nan, shi ne ƙara wa mai isasshe ba ya ƙara masa komai. Tankin da ya cika, duk man da aka ƙara ƙasa yake zuba.

Me ya sa to ake yawan jin cewa masu ƙarancin bitamin D sun fi ciwo? Domin gaskiya ne, amma wane ne ya haifi wani? Marar lafiya ba ya fita rana. Ƙiba na ɓoye bitamin ɗin cikin kitse, sai ya ragu a jini. Kumburin cikin jiki ma na saukar da shi. Wani babban nazari da Philippe Autier da abokan aikinsa suka fitar a 2014 ya kai ga cewa ƙarancin bitamin D, a mafi yawan lokuta, alama ce ta rashin lafiya, ba sanadinta ba. Hayaƙi ne, ba shi ne wutar ba.

Mu da muke ƙarƙashin rana

Abuja na kusan digiri 9 ne arewa da tsakiyar duniya, inda hasken UVB ba ya yankewa duk shekara, saɓanin Landan ko Toronto da fata ba ta iya ƙera komai a watannin hunturu. Duk da haka rana a sama ba rana a fata ba ce. Wani nazari da aka wallafa a 2020, wanda ya tattara binciken ƙasashen Afirka da dama, ya ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin uku na ƙasa da nanomol 50 a kowace lita ta jini, kuma abin ya fi yawa a birane, a tsakanin mata da jarirai sababbin haihuwa. Kwatanta da makiyayan Masai da mafarautan Hadza na Tanzaniya, masu wuni a fili, waɗanda aka auna matsakaicinsu ya kai nanomol 115.

Ka dubi ranar ma'aikaci. Ya bar Mararaba ko Kubwa ko Lugbe bayan sallar asuba, ya shiga Sakatariyar Tarayya kafin rana ta yi ƙarfi, ya wuni ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, ya fito ana kiran magariba. Hadimin babban mutum kuwa daga mota mai baƙin gilashi sai falo, daga falo sai ɗakin taro. Gilashin taga na tare UVB, don haka zama kusa da taga ba ya ƙirguwa. Baƙar fata kuma ta fi fara buƙatar lokaci a rana kafin ta ƙera adadi ɗaya. Ba abin mamaki ba ne a samu wasu cikinmu da ƙaranci na gaske, kuma wanda likita ya tabbatar masa da haka ya sha abin da aka rubuta masa. Dalilinsa ƙashi ne da tsoka, kuma dalili ne isasshe.

Sai dai ko a kan ma'aunin ƙarancin masana ba su daddale ba. Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka, a rahotonta na 2011, ta ce nanomol 50 ya wadatar da kusan kowa, ta kuma sa buƙatar babba a IU 600 a rana, IU 800 ga wanda ya haura 70. Ƙungiyar likitocin homon ta Amurka a lokacin ta fi son 75, abin da ya mayar da miliyoyin masu lafiya "marasa isasshe" a kan takarda. A 2024 ƙungiyar ta janye daga wannan lamba, ta kuma ba da shawarar kada a riƙa yi wa manya masu lafiya gwajin haka kawai, har da masu duhun fata. Waɗanda ta ga ya dace su ƙara ba tare da gwaji ba su ne yara daga shekara 1 zuwa 18, masu juna biyu, waɗanda suka kai 75, da masu dab da ciwon suga. Akwai kuma abin lura: baƙaƙen Amurka sun fi fararenta ƙarancin wannan lamba a jini, amma ƙashinsu ya fi ƙwari, karaya kuma ta fi ƙaranci a cikinsu.

Inda haɗarin yake

Illar kalmar antioksidan ita ce tana sa mutum ya ɗauka yawa alheri ne. Bitamin C in ya yi yawa, fitsari ke fitar da mafi yawansa. Bitamin D a kitse yake narkewa, jiki kuma ajiye shi yake yi na tsawon watanni. Iyakar da aka gindaya wa babba ba tare da kulawar likita ba ita ce IU 4,000 a rana. Kafson IU 50,000 likitoci kan rubuta shi ne a sha sau ɗaya a mako na wasu makonni, ga wanda aka tabbatar yana da ƙaranci. Wanda ya mayar da shi na kullum yana tara wa kansa kalsiyam a jini: tashin zuciya, amai, ƙishirwa marar yankewa, yawan fitsari, ruɗewar tunani, tsakuwar ƙoda, har lalacewar ƙodar. A 2022 likitoci a Ingila suka wallafa labarin wani magidanci da ya riƙa shan IU 150,000 kullum bisa shawarar wani mai ba da shawara kan abinci, ya ƙare a gadon asibiti ƙodarsa ta taɓu. Tun a 2010 kuma wani gwaji a Ostireliya ya nuna tsofaffin mata da aka bai wa IU 500,000 sau ɗaya a shekara sun fi faɗuwa da karaya.

Masu hawan jini, waɗanda ba su da kaɗan a ofisoshinmu, su ƙara kula. Maganin haidurokulorotayazaid da danginsa, da ake yawan rubutawa a nan, yana rage fitar kalsiyam ta fitsari, haɗa shi da bitamin D mai yawa na iya ɗaga kalsiyam ɗin jini. Mai ciwon ƙoda ko wanda ya taɓa yin tsakuwa kada ya fara sai da sanin likitansa. Lambar NAFDAC a jikin kwalba kuwa shaida ce cewa an yi wa kayan rajista. Ba ta nufin hukumar ta sa hannu a kan duk abin da mai talla ya rubuta a WhatsApp.

Ga mafi yawan masu lafiya, hanyar ba ta da tsada: ɗan tattaki a rana da hannuwa a buɗe lokacin hutun azahar, kifi mai maiƙo irin su taitus da sadin, gwaiduwar ƙwai, hanta.

Binciken da ya fi shafar mu ma a gida aka yi shi, kuma ba ruwansa da tsatsa. A Jos, inda rana ba ta yi wa kowa rowa, likitoci sun daɗe suna ganin yara masu gwame da ƙafar baka. A 1999 Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka raba yara 123 masu ciwon gida uku: wasu bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyun. Waɗanda suka samu kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, sun fi warkewa sosai a kan waɗanda aka bai wa bitamin D zalla. Abincin yaran, wanda galibinsa hatsi ne ba madara, kalsiyam ɗin da ke cikinsa bai wuce kusan miligiram 200 a rana ba. Umarnin a tsotsa yana nan, abin tsotsar ne babu. Daga baya tawagar ta gwada garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa, da kuma garin dutsen farar ƙasa, aka riƙa zuba wa yaran a abinci. Duka biyun sun warkar da ƙashin.